Allura da Agogo: Tarihin Gardamar Rage Raɗaɗi a Motar Asibiti

Da misalin ƙarfe 12:23 na daren 31 ga Agustan 1997, motar da ke ɗauke da Gimbiya Diana ta daki ginshiƙi a hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Alma da ke birnin Paris. Asibitin Pitié-Salpêtrière, inda aka kai ta, tafiyar kilomita shida ce ko kusa da haka, ga kuma 'yan sanda suna share hanya. Duk da haka ba ta isa ƙofarsa ba sai ƙarfe 2:06. Likitan tawagar agajin gaggawa ya tarar da ita a bayan motar cikin ɗimuwa, ya sa mata ƙarin ruwa, ya ba ta maganin kwantar da hankali da na rage raɗaɗi ta jijiya. Da aka fito da ita wajen ƙarfe ɗaya zuciyarta ta tsaya, aka farfaɗo da ita. Motar asibiti ta tashi ƙarfe 1:41, tana tafiya a hankali, har ta sake tsayawa daf da asibiti saboda ƙarfin bugun jininta ya faɗi. Ƙarfe huɗu na asuba aka tabbatar da rasuwarta. Abin da ya kashe ta yagewa ce a jijiyar da ke kawo jini daga huhu zuwa zuciya, raunin da babu mai iya ɗinke shi a bakin titi.

Likitocin tiyata da dama a Amurka sun ce da a garinsu ne, da tuni an sunkuce ta an ruga da ita. Takwarorinsu na Faransa suka ce da an yi hakan da gawa za a sauke a asibiti. A zaman binciken da aka kammala a Landan a 2008, ƙwararru sun nuna cewa da wuya a tsira daga irin wannan rauni ko ta wace hanya aka bi. Maganin rage raɗaɗin da aka ba ta ɗan ƙaramin kaso ne na lokacin da ya tafi. Amma daren ya fito da wata tambaya da ma'aikatan agaji ke fuskanta kullum ba tare da 'yan jarida na kallo ba: idan mutum yana kwance yana kururuwa, minti nawa ya halatta a kashe wajen sanyaya masa kafin a tayar da mota? Tambayar ta girmi motar kanta, domin tun zamanin keken doki ake fama da ita.

A rundunonin Turai na ƙarni na 18, ƙa'ida ita ce kekunan asibiti su tsaya can bayan fage, sai an gama gwabzawa a je a tsince waɗanda suka rage da rai. Sojan da aka harba da hantsi yakan kwana ya wuni a inda ya faɗi. Dominique Jean Larrey, matashin likitan tiyata a rundunar Faransa, ya ga yadda dawakai ke jan igwa da gudu daga wannan sashe zuwa wancan, sai ya ce babu dalilin da zai hana a ɗauko mutane da irin wannan hanzari. A shekarun 1790 ya ƙera kekuna marasa nauyi masu sifirin, waɗanda ke kutsawa fage ana tsakiyar yaƙi. Abin lura shi ne, duka ɓangarorin gardamar yau suna iya kiran Larrey kakansu, domin kekunansa suna kwaso masu rauni da sauri, kuma suna kai likita inda suke. Shi da kansa ya rubuta cewa ya yanke gaɓoɓi kusan 200 cikin kwana guda a yaƙin Borodino na 1812. Babu maganin sa barci a lokacin, sai a 1846 aka fara nuna amfaninsa a birnin Boston. Jinƙan da likita ke iya yi wa mutum shi ne ya gama da wuri. A yaƙin Eylau na 1807 Larrey ya lura cewa tsananin sanyi yana dakushe zafin wuƙa. Ke nan a zamaninsa sauri da jinƙai hanyarsu ɗaya.

Sun fara rabuwa ne da aka sami maganin da ke aiki da gaske. Wajen 1805 wani matashin mai haɗa magunguna a Jamus, Friedrich Sertürner, ya tace sinadarin mofin daga ofiyom, a 1853 kuma Alexander Wood na Edinburgh ya yi amfani da sirinji wajen shigar da shi ƙarƙashin fata. Yaƙin basasar Amurka ya zo a kan gaɓa. Rundunar Arewa ta raba ƙwayoyin ofiyom kusan miliyan 10, amma a farkon yaƙin ba ta da tsarin kwashe masu rauni, har bayan karo na biyu a Bull Run, a watan Agustan 1862, wasu suka yi mako guda a fili. Jonathan Letterman ya kafa rukunin masu ɗauka na musamman, kuma a Antietam, makonni kaɗan bayan haka, an kwashe sojojin Arewa da suka ji rauni cikin kusan kwana ɗaya. Da aka dawo gida tsarin ya shiga gari. Asibitin Bellevue na New York ya fara aika keken doki a 1869, linzami da kayan ɗaurin doki a rataye a sama don a sako su a wuyan dabbar cikin daƙiƙoƙi. Cikin kayan da keken ke ɗauka har da kwalbar barasa, wadda a wancan zamani ake ɗauka a matsayin magani.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya fara nuna cewa wani jinkirin yana ceton rai. Sojan da harsashi ya farfasa wa ƙashin cinya, idan aka ɗora shi a gadon ɗauka haka nan, kowane taku na masu ɗauka sai kaifin ƙashi ya ƙara yanka tsoka da jijiya. Jini na zuba a ciki, azaba na ƙaruwa, da yawa kuma ba sa kai wa asibiti. Robert Jones ya dage a rundunar Birtaniya cewa a riƙa amfani da wani ƙarfen ɗori da kawunsa Hugh Owen Thomas ya ƙirƙira, zobe a saman cinya da sanduna biyu zuwa ƙasan diddige, a ja ƙafar a ɗaure ta miƙe. Duk wanda ya taɓa ganin maɗori yana jera kara a jikin karaya ya san hikimar: da zarar ƙashi ya daina motsi, rabin kukan ya tafi. Daga 1916 aka fara yaɗa ƙarfen, aka horar da masu ɗauka har suna iya ɗaura shi cikin duhu. Alƙaluman da aka fi ambata sun ce mace-mace daga irin wannan karaya sun sauko daga wajen kashi 80 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 20. Masana tarihi na jayayya kan daidaiton lissafin, amma babu mai musun cewa sauyin babba ne. Ɗaurin yana cin mintuna a wurin da harsashi ke yawo, kuma waɗannan mintuna su ne suka sa mutanen suka isa da rai.

A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ɗauka ta warware matsalar lokaci gaba ɗaya. Kamfanin Squibb ya ƙera ɗan bututu mai kama da na man goge haƙori, allura a bakinsa, mofin kusan miligiram 30 a cikinsa. Ma'aikacin jinya ya soka, ya matse, ya maƙale fankon a wuyan rigar sojan don na gaba ya san an ba shi. Daƙiƙoƙi kaɗan, an gama.

Sai ga Henry Beecher, likitan sa barci daga jami'ar Harvard, wanda ya bi runduna zuwa Italiya. A sanyin ƙarshen 1943 ya ga wani abu da ya ɗaure masa kai. Ana kawo sojoji a jiƙe, jikinsu ya yi ƙanƙara, sun zubar da jini. Ana lulluɓe su, ana ƙara musu jini, suna fara murmurewa, sai numfashinsu ya soma ja baya. Dalilin shi ne, jikin da ya yi sanyi kuma ya rasa jini yana janye abin da ya rage daga fata zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa, don haka mofin ɗin da aka soka ƙarƙashin fata yana nan zaune bai shiga jini ba. Soja na ci gaba da nishi, sai a ƙara masa na biyu, wani lokaci na uku. Da jiki ya yi ɗumi, duka sai su kwararo a lokaci guda. Shawarar Beecher ita ce a ba da kaɗan, a ba da shi kai tsaye ta jijiya, inda ake ganin tasirinsa nan take a kuma san lokacin tsayawa.

Shawara ce mai kyau, kuma ita ce tushen rikicin da ya biyo baya. Hanyar da ta fi aminci ita ce ta fi cin lokaci. Neman jijiya a hannun mutumin da jini ya janye daga fatarsa, cikin duhu ko ruwan sama, aiki ne da kan gagari gwani. Daga nan rage raɗaɗi yadda ya kamata ya zama yana da farashi, kuma da mintuna ake biya.

Beecher ya bar wani gadon da aka yi wa gurguwar fahimta. A 1946 ya wallafa cewa kusan kashi uku cikin huɗu na sojoji masu munanan raunuka da ya tambaya sun ce ba sa buƙatar magani a lokacin. Fassararsa ita ce, ga soja rauni takardar sallama ce daga bakin mutuwa, kuma wannan sauƙin zuciya yana rage zafi. Bai ce mai karaya a bakin titi ba ya jin ciwo ba. Hasali ma daga baya ya nuna cewa fararen hula masu irin raunin sun fi neman magani nesa ba kusa ba.

A cikin gari kuwa, har tsakiyar shekarun 1960 babu ma wanda zai yi gardamar. Rahoton da Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a 1966 ya nuna cewa kusan rabin aikin ɗaukar marasa lafiya a ƙasar masu sana'ar jana'iza ne ke yin sa, don kawai motarsu ce ke da tsawon da mutum zai kwanta. Direba ya ɗauka, ya taka mota. A shekarar ce Frank Pantridge ya fara aika likita da na'urar farfaɗo da zuciya daga asibitin Royal Victoria na Belfast zuwa gidajen masu bugun zuciya, kuma rage musu zafi na cikin aikin tawagar, domin azaba da firgici suna ƙara rikita zuciyar da ta riga ta jikkata. A 1967 aka kafa Freedom House a Pittsburgh, inda Peter Safar ya horar da baƙaƙen fata daga unguwar talakawa suka zama cikin ma'aikatan agajin gaggawa na farko masu zurfin horo a Amurka. A Toulouse, Louis Lareng ya assasa tsarin SAMU a 1968, wanda ya ginu a kan kai asibiti wurin majinyaci. Shi ne tsarin da ya je wa Diana.

Amurka ta bi wata hanyar, a ƙarƙashin tasirin likitan tiyata R Adams Cowley na Baltimore, wanda ya yaɗa batun “sa'ar zinariya”: mai mummunan rauni ya isa ɗakin tiyata cikin minti 60 ko ya rasa damarsa. Daga wannan aka haifi ƙa'idar kada a wuce minti goma a wurin haɗari. Wani bincike a Houston da aka wallafa a 1994 ya ƙara wa masu wannan ra'ayi ƙarfi. Cikin mutum 598 da aka harba ko aka soka a gangar jiki, kashi 70 cikin ɗari na waɗanda aka jinkirta wa ƙarin ruwa har ɗakin tiyata sun rayu, a kan kashi 62 na waɗanda aka fara wa tun daga waje. Bayanin da masu binciken suka fi karkata gare shi ya shafi yadda ruwa ke ɗaga bugun jini ya ɓalle gudan da ya toshe rauni. Amma saƙon da ya isa kunnen ma'aikata ya fi haka faɗi: allura a bakin titi abin zargi ce.

Ga wanda jini ke zuba a cikinsa, wannan gaskiya ce da ba ta tsufa ba. Kuskuren shi ne yadda dokar da aka yi domin mutum ɗaya ta hau kan mutum tara da ba su da irin matsalarsa. Da yawa daga cikin waɗanda motar asibiti ke ɗauka da ciwo tsofaffi ne da suka faɗi ƙugu ya karye, da yara masu ƙuna, da masu gocewar kafaɗa. Babu ɗayansu da minti biyar zai kashe. Sannan akwai tsoffin tsoro da suka taru a kan mofin. Tun 1921 littafin Zachary Cope ya gargaɗi likitoci kada su ba mai ciwon ciki mofin kafin a gano cutarsa, wai zai ɓoye alamu, kuma an shafe shekaru da dama kafin gwaje-gwaje su rushe wannan. Ga fargabar jaraba, ga fargabar tsayar da numfashi, duk da cewa an amince da makarinsa, nalokson, tun 1971. Ga dokokin miyagun ƙwayoyi da suka sa maganin a akwati mai makulli da rajista. A wurare da yawa ma sai ma'aikaci ya kira likita ta oba-oba ya jira izini. Wanda ya san shugabansa zai duba agogo, kuma ba zai tambayi yadda majinyaci ya ji ba, ya san abin da zai bari.

Sakamakon ya bayyana a lissafi. Wani nazari a jihar Ohio da aka wallafa a 2000 ya duba mutum 1,073 da ake zaton sun karye a hannu ko ƙafa, ya tarar 18 kacal aka ba maganin rage raɗaɗi kafin asibiti. Hujjar da aka saba bayarwa ita ce asibiti na kusa. Amma nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun nuna cewa wanda ba a ba shi a mota ba yakan ƙara jiran fiye da sa'a guda bayan isarsa, tsakanin rajista da tantancewa da layin ganin likita. Minti biyar ɗin da ma'aikaci ya tsimi a bakin titi, majinyaci ne ya biya su ninki goma a kan gadon asibiti. Sauri ya haifi nawa. Agogon da hukuma ke dubawa yana tsayawa a ƙofar sashen gaggawa, na mai ciwo kuwa bai san da wannan ƙofa ba.

Ita ma sa'ar zinariyar, da aka bi sawunta a 2001, ba a sami ƙwaƙƙwarar hujjar da ta tsayar da ita a minti 60 ba. A 2010 wani nazari kan mutum 3,656 masu munanan raunuka a Amurka da Kanada bai ga alaƙa tsakanin tsawon lokacin agaji da mutuwa ba. Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin lasisin zama ba, domin wasu binciken sun nuna jinkiri na cutar da waɗanda aka harba ko aka soka. Akwai kuma tarko a irin wannan lissafi. Gaskiya ne cewa inda aka ba da magani ta jijiya, lokacin da ake ɗauka a wurin yakan ɗan fi tsawo. Sai dai waɗanda ake bai wa maganin su ne tun farko masu wuyar ɗauka, wanda ƙarfe ya danne wa ƙafa, ko tsohuwar da ke hawa na uku a gidan da matakalarsa ke da ƙunci. A irin nata yanayin, magani ne ke buɗe hanyar fita, domin babu mai iya sauko da ita tana ihu tana riƙe ƙofa.

Mafita ta zo daga waɗanda suka bar gardamar suka koma kan tambayar da Beecher ya bari: shin dole sai ta jijiya? A Birtaniya, Michael Tunstall ya gano a 1961 cewa ana iya haɗa iskar nan da ake kira iskar dariya da oksijin, rabi da rabi, a tukunya ɗaya. Peter Baskett ya shigar da haɗin, mai suna Entonox, cikin motocin asibiti na yankin Bristol, ya wallafa sakamakon a 1970. Majinyaci ne ke riƙe abin shaƙar da hannunsa, idan barci ya fara ɗibarsa hannun ya saki. Yana aiki cikin minti ɗaya ko biyu, ya kuma gushe da wuri. Aibinsa nauyin tukunya, da rabuwar iskar biyu a tsananin sanyi, da haɗarinsa ga wanda iska ta taru a ƙirjinsa. Ostireliya ta ɗauki wani maganin sa barci da aka yi watsi da shi saboda yana lalata ƙoda, ta rage shi zuwa mililita 3 a cikin ɗan bututun roba, kuma tun shekarun 1970 ma'aikatanta ke miƙa wa masu rauni wannan abu da jama'a ke kira koren usur. Mutum yana zuƙa ana ɗaure masa ƙafa, yana zuƙa ana ɗaga shi. Fentanil, wanda Paul Janssen ya haɗa a Beljiyam, ya zama ana fesa shi a hanci, abin da ya sauƙaƙa lamarin yara ƙwarai.

Sojoji ma sun dawo kan batun. A Iraƙi a 2003 likitocin rundunar Amurka sun gwada fentanil mai siffar alawar tsinke, ana manne tsinken a yatsan soja da filasta, don idan ya fara gyangyaɗi hannunsa ya faɗi ya zare ta daga baki. A 2014 ƙa'idar jinyar fagen daga ta Amurka ta raba masu rauni gida uku: mai iya ci gaba da faɗa ya haɗiyi ƙwayoyi marasa sa maye, mai tsananin ciwo da jininsa da numfashinsa ke daidai ya tsotsi alawar, wanda ya zubar da jini ko numfashinsa ke wahala a ba shi ketamin, domin shi bai cika kayar da bugun jini ko danne numfashi ba, ko da yake yakan sa gane-gane. Ketamin ɗin nan, wanda aka haɗa a 1962, shi ne ƙananan asibitoci da yawa a Najeriya da Nijar ke dogara da shi wajen tiyata, shi ya sa likitocin ƙasashe masu tasowa suka tashi tsaye a 2015 da Sin ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaurara dokarsa, har aka jingine batun.

Abu na ƙarshe da ya sauya shi ne takardar da ake auna aikin da ita. Lokacin kira, lokacin isa, lokacin tashi da lokacin sauke majinyaci, duk na'ura ce ke rubuta su. Ciwo kuwa sai an tambayi mai shi, daga sifili zuwa goma, a rubuta da hannu, kuma masu bin diddigi sun sha tarar da gurbin babu komai. Tun 2011, cikin ma'aunan da ake tantance hukumomin motar asibiti na Ingila da su, mai bugun zuciya ba a lissafa shi cikin waɗanda aka yi wa cikakken aiki sai an ga an ba shi asfirin da maganin buɗe jijiya da na rage raɗaɗi, an kuma rubuta awon ciwonsa sau biyu, ɗaya kafin magani, ɗaya bayansa.